Yadda Gajere Ya Samu Takensa

Tun ranar da Gajere ya sauko daga motar Yamai, da hular kasket a ka da wani ƙaton littafi a hammata, mutanen Garhanga suka san kunnuwansu sun shiga uku. Bai ko gama gaisawa da dangi ba ya sanar da su cewa ya zo musu da wasan da ya fi kokowa, wasan da ake kira besbol, kuma duk faɗin Nijar babu gwani irinsa. Gaskiyar magana kuwa kowa ya san ta, don mutanen yankinsu na Adar ba su ƙaranta a Yamai ba. Ban ruwa Gajere yake yi wa ciyawar wani fili da Turawa ke wasan a ƙarshen mako, idan ƙwallo ta tsallake katanga kuma shi ake aika ya ɗauko. Da Baturen da yake yi wa aiki zai koma ƙasarsu sai ya bar masa hular, da safar hannu guda ta fata, da farar ƙwallo mai ɗinkin jan zare, da littafin nan mai cike da hotunan gwarzayen wasan na zamanin da. Ba wanda ya ƙaryata shi, domin hirar ta fi ta rediyo daɗi.

Amma akwai abin da ke cin Gajere a rai, kuma wannan ba abin dariya ba ne. Mahaifinsa, marigayi Kalla, ɗan kokowa ne da aka sani tun daga Keita har Madawa, kuma yana da takensa a gangar Ɗan'azumi makaɗi. A Garhanga idan Ɗan'azumi ya kaɗa taken mutum, duk inda mai taken yake sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama ya amsa, kowa ya juyo ya dube shi. Gajere ya tashi yana ganin ubansa na miƙewa haka. Shi kuwa sau ɗaya ya taɓa shiga fage, kuma kafin makaɗi ya gama ɗaure tsarkiyar gangarsa har an kai shi ƙasa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a gidan Kalla an samu akasi. Ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ganga ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma abin na yi masa ciwo fiye da yadda yake nunawa.

Ya fara da zauren gidansu. Ya kori awakin matarsa Zara daga ciki, ya share, ya yanko hotuna daga littafin ya manna a bango da ƙaro. Ya ce a Amurka akwai gida guda da aka gina don gwarzayen besbol kaɗai, ana zuba fuskokinsu da tagulla, wanda ya yi fice ƙwarai kuma a rataye rigarsa, kada wani ya ƙara sa lambarsa har abada. To ga na Garhanga. Da yake ba ya karanta Turancin da ke ƙarƙashin hotunan, sai ya raɗa wa kowa suna da tarihi daga kansa. Ga Mai Gashin Baki, wanda ya taɓa dukan ƙwallo da hantsi ba ta faɗo ba sai bayan azahar. Ga Bahago, wanda sai an jiƙa hannun mai cafe jifarsa da ruwa saboda zafi. Tarihin kan sauya daga safe zuwa yamma, amma wurin da ya bari a tsakiyar bango, wanda ya zagaye da farar ƙasa, ba ya sauyawa. Nan hotonsa zai zauna.

Tsohuwa Saude mai fura ta shigo ta daɗe tana duban mutanen da ke bango, ta tambaya ko suna da rai. Gajere ya ce yawancinsu sun daɗe da rasuwa. Nan take ta yi masa ta'aziyya, ta ce ba ta san ya yi rashin iyayen gida masu yawa haka ba. Da ta kai ga farin gurbin ya gaya mata nasa ne, sai ta dafa kafaɗarsa cikin tausayi ta roƙi Allah ya sa ya daɗe bai cike shi ba.

Wannan bai karya masa gwiwa ba. Washegari ya tari Ɗan'azumi a gindin itacen bedi, gaban jama'a, ya buɗe masa littafin ya ce lokaci ya yi da za a yi masa take.

Ɗan'azumi ya dubi hoton, ya dubi Gajere. "Ɗan Kalla, ganga ba ta karatun littahi. Abin da tag gani da ido shi taka hwaɗi. Wa kak kayas?"

"Wasan ga ba a kayaswa, hiddawa aka yi. Ni ka jihwa, wani shi riƙa sanda. In nij jehwa sau ukku sandatai ba ta taɓa ƙwallo ba, ya hita."

"In ta taɓa hwa?"

"Ba ta taɓawa. Turawa ma sun gwada."

"To madalla. Tara mutane, ka tsai da namiji gabanka. Jihwa ukku daga hannunka, sanda ba ta taɓa ba, ni kau in kaɗa maka abin da nik kaɗa ma ubanka ko wanda ya hi shi."

Aka yi shaidu. Gajere ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka riga aka naɗa.

Sai dai wasa ba ya yiwuwa da mutum guda, don haka ya tara samari da magidanta a gonar maƙwabcinsa Shafi'i, wadda aka gama girbe geronta, ya ce zai koya musu. Sanda ce farkon matsala. Ya zagaya gari bai ga abin da ya yi kama da ta littafin ba sai taɓaryar Zara, ya ɗauke ta tana bakin rijiya. Da ta dawo ta tarar da turmi ba abokin aiki, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai ranar da taɓarya ta kwana a gona, mai gidan ma ya nemi tuwonsa a can. Daga ranar Gajere kan dawo da ita kafin la'asar, yana ɓoye ta a bayansa kamar ba shi ya ɗauka ba.

Farar ƙwallon kuwa ya hana kowa taɓawa, ya ce ta ranar gagarumin wasa ce. Ya sayo goruba cike da kwando a matsayin ƙwallon koyo. Kafin ya gama bayanin yadda ake riƙe ta, 'yan wasansa sun gwigwiye rabin kwandon, saura ƙodago. Aka ci gaba da ƙodagon, wanda ya fi gorubar tauri, jifar farko ta Gajere kuma ta wuce mai sanda da nisa ta samu Shafi'i a ƙwauri. Gajere ya ce da gangan ya yi, don ya nuna musu amfanin sa ido. Shafi'i ya ce ya gode, amma da an gaya masa da baki ma zai gane.

Wanda ya doki ƙwallo, in ji Gajere, sai ya ruga ya bi masauki uku ya dawo inda ya tashi, kowane masauki kuma da mai tsaronsa, wanda in ya taɓa mai gudun da ƙwallo ya fitar da shi ke nan. Ya shimfiɗa tabarmi a matsayin masaukan. Na farkon da ya doki ƙodago ya ruga da gudu kamar yadda aka ce, amma da ya iso bakin tabarma sai ya ja birki, ya tuɓe takalma, ya yi sallama. Mai tsaron ya amsa, suka shiga ina wuni, ina gajiya, yaya mutan gida, yaya ƙafar tsohuwa. Gajere na daga tsakiyar fili yana ihu a taɓa shi da ƙwallo, su kuwa ba su kai ga tambayar awaki ba tukuna. Kafin rana ta karkata, dattawa uku da suka zo kallo sun ga tabarma a shimfiɗe babu kowa a kai, sun zauna a masauki na uku sun ɗora shayi. Babu mai bakin cewa su tashi.

Ya ɗauke tabarmin ya sa duwatsu, abin da ƙasar Keita ba ta taɓa rowarsa ba. Sannan ya ce zai nuna musu yadda gwarzaye ke isa masauki da zamiya, kamar yadda hoton Mai Gashin Baki ya nuna. Ya ja da baya, ya taho a guje, ya zube. Ciyawar Yamai mai laushi ce, shi ya sani don shi ke ba ta ruwa, amma gonar Shafi'i kututturen gero ne da tsakuwa. Wandon ya tsage tun daga ƙugu, abin da ke cikin wandon ma bai tsira ba. Ya yi kwanaki yana kwanciya rub da ciki, yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa kowane gwarzo yana da irin wannan tabon, sai dai ba a ɗaukarsa a hoto.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babbar matsalar ta fito ne da ya warke ya raba su gida biyu. Shafi'i ya cafe ƙodago, ga kawunsa na tahowa da gudun tsufa, maimakon ya taɓa shi ya fitar da shi sai ya kauce masa, har da cewa a sauka lafiya. Wani saurayi ya yi dukan da ya kai ƙodago bayan rumbuna, amma ya tarar da yayansa tsaye a masauki na biyu yana hutawa, ya ƙi wuce shi, ya tsaya bayansa hannu a baya. Wani da aka ba jifa ya ɗaga ido ya ga mahaifin matarsa ne riƙe da taɓarya, sai ya ajiye ƙodagon a hankali ya sulale, ba a ƙara ganinsa ba sai magariba. Taubasai kuwa ba su damu da doka ba, ko suna gida ɗaya jifar juna suke yi a gadon baya suna dariya.

Gajere ya wuni a ƙofar masallaci yana jera tsakuwa a ƙasa, kowace tsakuwa mutum guda, yana neman rabon da ba zai haɗa kowa da wanda yake jin kunyarsa ba. Duk yadda ya juya su, sai wani ya leƙo ya ce ai wannan yana auren ƙanwar wancan, wancan kuma shi ya yanka wa wannan ragon suna. A ƙarshe ya watsar da tsakuwar ya ce ya gano ciwon. Garhanga duk dangi ne, besbol kuwa wasan baƙi ne, mutum na bukatar wanda zai jefa ba tare da ya san uwarsa ba. Zai gayyato mutanen Tama.

Ba banza ya zaɓi Tama ba. Garin su Zara ne, kuma Gajere ya daɗe yana so labari ya kai gidan surukansa cewa 'yarsu ba ta faɗa hannun banza ba. Samarin Tama za su zo, ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, su koma su ba da labari. Ya samu direban wata motar albasa ya ba shi saƙo, kuma da yake bakinsa ba ya sanin inda ake tsayawa, ya ce a faɗa a kasuwar Tama cewa duk wanda ya amsa sunan namiji, mai gemu da marar gemu, ya zo Garhanga ranar kasuwa ya riƙe sanda gaban ɗan Kalla.

Zara na tankaɗe ta ji yana maimaita wa Shafi'i saƙon. Ta ajiye rariya.

"Maigida, mai gemu kac ce?"

"Da marar gemu."

"Ka san halin Baba. In anka ce namiji, ba shi zama."

Gajere ya yi dariya ya ce tsohon da gwiwa ke damu, kunne kuma ya yi nauyi, ina shi ina hawan mota zuwa wasan yara. Zara ta ɗauki rariyarta ta ce ita dai ta faɗa.

Baba Ɗayyabu, mahaifin Zara, manomin albasa ne a kwarin Tama, kuma duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa yin cika baki a gabansa ya bar shi ya wuce ba. Tsakaninsa da Gajere kuwa kunya ce irin ta asali. Tun da aka ɗaura aure Gajere bai taɓa duban tsakiyar idonsa ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, kuma in ya hango shi a hanya tun daga nesa yake tuɓe takalma ya tsuguna. A duniya kaf mutum guda ne bai taɓa jin labarin Mai Gashin Baki daga bakin Gajere ba, shi ne wannan tsoho.

Ranar kasuwa, bayan azahar, gonar Shafi'i ta cika. Waɗanda suka zo cin kasuwa daga ƙauyuka suka bar buhunansu suka zo, mata suka jeru a inuwar rumbuna, Saude ta kafa ƙwaryar furarta a gefe. Ɗan'azumi ya zauna a kan dutse da ganga a cinya, bai taɓa ta ba. Gajere ya fito da riga mai lamba da ya rubuta da shuni a baya, da kasket, da safar fata, sannan ya zaro farar ƙwallon ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. Ya zagaya fili yana wurwura hannu, yana gaya wa mutane su ja yaransu baya, don jifarsa idan ta fita ba ta san na gida ba.

Motar Tama ta iso. Samari suka diddiro, ƙarfafa, masu damatsan jan ruwan lambu, Gajere ya dube su yana murmushi yana zaɓen wanda zai fara da shi. Sai aka buɗe ƙofar gaba, samari biyu suka kama wani suka sauko da shi a hankali. Farin rawani, babbar riga, farin gemu har ƙirji.

Jikin Gajere bai jira shawararsa ba. Takalma suka fita, kasket ta sauka, sai ga gwarzon besbol na Nijar tsugune a tsakiyar fili, kai a ƙasa. Daga inuwar rumbu aka ji dariyar mace guda, wadda ta yi kama da ta Zara.

Abin da Gajere bai lissafa ba shi ne mutanen Tama ma suna da kunya. Da aka miƙa taɓarya, babu saurayin da ya yarda ya karɓa alhali dattijo na tsaye. Baba Ɗayyabu ya karɓe ta, ya gwada nauyinta, ya taka zuwa inda aka nuna masa, ya tsaya. Ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin tasa.

"An ce kai ka jihwa ba a dukanta. Ga ni. Jeho."

Gajere, kansa na ƙasa, ya fara da gaisuwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gwiwa, ya tambayi albasa, ya koma ya tambayi hanya. Ya ce rana ta yi zafi, ko Baba zai huta a inuwa yara su fara. Tsohon ya ce bai ji ba, aka maimaita masa, ya ce bai hau mota tun daga Tama don shan inuwa ba, akwai inuwa a gidansa. Gajere ya ce to Shafi'i zai fara jifar, don a ɗumama fili. Nan Ɗan'azumi ya yi gyaran murya ya tuna wa jama'a cewa daga hannun ɗan Kalla aka ce, kuma namijin da ya fara tsayawa shi ne namijin.

Zufa ta karyo wa Gajere. In ya ƙi jifa, take ya tafi ke nan, kuma ya san Ɗan'azumi ba ya yin alkawari sau biyu. In kuma ya miƙe ya wurga wa surukinsa abu a gaban garuruwa biyu, to har jikokinsa sai an yi musu gori. Ya nemi hanya a tsakani. Ba tare da ya tashi ba, ya kau da fuskarsa gefe don kada ya dubi tsohon, ya rufe ido, ya wurga.

Ƙwallon ta bi inda fuskar ta duba. Ta faɗa tsakiyar ƙwaryar Saude, fura ta yi tsalle ta wanke mata fuska da zane. Saude ta tsamo ta da ludayi, ta ce tun ranar da ta ga mutanen nan na bango ta san ba alheri suka zo da shi ba. Aka ɗauraye ƙwallon aka mayar wa mai ita.

"Ɗaya," in ji Ɗan'azumi.

Baba Ɗayyabu na nan riƙe da taɓarya a kafaɗa, yana tambayar na kusa da shi ko an fara.

A ta biyu Gajere ya ga bai kamata abu ya tashi sama a gaban babba ba. Ya gangaro da ƙwallon a ƙasa, a hankali, da ladabi. Ta yi ta gangarawa har ta ci karo da kututturen gero a rabin hanya, ta tsaya. Wata kaza ta zo ta duba ta ta wuce. Tsohon ya gaji da ɗaga taɓarya, ya dogara da ita, ya ce shi fa har yanzu bai ga kome ba, ko yaron nan hannunsa na ciwo ne. Ɗan'azumi ya ce biyu. Samarin Tama suka ce wannan ai ba jifa ba ce, na Garhanga suka ce wa ya san besbol tsakaninku da mai littafi.

Babu wanda ya je ɗauko masa ƙwallon, don kowa na son ganin yadda zai yi. Haka Gajere ya taho a tsugune, yana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar agwagwa, lambar shuni na narkewa a bayansa, har ya kai gare ta. Da ya ɗauka sai ya ga ya matso ƙwarai. Daga nan duk abin da ya jefa, a jikin tsohon zai sauka. Komawa baya kuma sai ya juya wa suruki ƙeya. Gajere ya ƙarasa 'yan takun da suka rage, ya tallabi ƙwallon da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya miƙa.

Baba Ɗayyabu ya jingine taɓarya ya karɓa. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya bi jan zaren da farce, ya ce wanda ya yi ɗinkin nan ya san aikin fata.

"Allah shi yi maka albarka, yaro. Ashe abin da kak kira ni ke nan. Da ka aiko da ita ma ya isa."

Ya ɗaga babbar riga ya jefa ta aljihu. Kyautar da suruki ya sa wa albarka kuwa, duk Adar babu mai bakin cewa a maido. Wasan besbol na farko a tarihin Garhanga ya ƙare a nan, don babu wata ƙwallon, gorubar ma an cinye.

Dariyar da aka yi, sai da jakunan kasuwa suka amsa. Shafi'i ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. Samarin Tama suka ce su suka ci, tun da ƙwallo na hannunsu, na Garhanga suka ce a nuna musu inda aka doke ta. Tsohon bai san ana yi ba. Ya ce gwiwarsa ta gaji, aka kawo tabarma aka shimfiɗa masa nan inda yake, ya zauna, ya kamo hannun rigar Gajere ya fara tambayarsa damina, da yawan damman da ya samu, da ko rijiyar unguwarsu na nan da ruwa.

Gajere na amsawa, amma a ransa ya riga ya saduda. Ba ƙwallo, ba wasa, ba take, ga garuruwa biyu sun ga tsiraicin cika bakinsa. Ya yi nufin in an watse ya je ya kankare farar ƙasar nan daga bango.

Sai Ɗan'azumi ya miƙe ya rataya ganga. Ya ce shi makaɗi ne, ba alƙali ba, amma ya iya ƙirga uku. Uku aka ce, uku sun fita daga hannun ɗan Kalla, kuma wanda ya ga sanda ta taɓa ƙwallo ya fito ya rantse. Ba wanda ya fito. Ya matse gangar a hammata ya saukar da gula, wani sabon kiɗa ya tashi wanda ba a taɓa ji a Garhanga ba, ya ɗora murya a kai:

"Gajere ɗan Kalla, mai jihwa a tsugunne,
Ta ɗaya ta sha hura, ta biyu ta gaida kaza,
Ta ukku tana Tama, ba a doke ta ba."

Kafin ya maimaita, mata sun kama amshi da tafi, samarin garuruwan biyu sun shiga rawa. Waƙar tsiya ce, kowa ya sani, Gajere ma ya sani. Amma sunansa ne a bakin ganga, haɗe da na ubansa. Idanunsa suka cika. Duk fili aka juyo ana dubansa, ana jiran ya miƙe ya ɗaga hannu kamar yadda Kalla ke yi. Ƙafafunsa har sun fara yunƙuri.

Baba Ɗayyabu kuwa bai ji ganga ba, bai kuma saki hannun rigar ba. Ya gama da rijiya, ya shiga tambayar awakin Zara ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a miƙewa a gaban suruki yana magana. Gajere ya koma ya tsuguna da kyau. A hankali ya zagaya da hannunsa na hagu bayansa, inda tsohon ba zai gani ba, ya ɗaga wa ganga yatsa guda, hawaye na sauka a gemunsa.

"Ita jar akuyar hwa, ta haihu?"

"Ta haihu, Baba," in ji Gajere. "Lahiya lau."